Zauren kallon roka da Amurka ta yi shirin rufewa a 2025, da abin da ya shafe mu a ciki

A farkon watan Agustan 2025, kafofin watsa labarai na Amurka suka ruwaito cewa shugabannin cibiyar Goddard, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, sun sanar da ma'aikatansu cewa daga ranar 1 ga watan Oktoba za a rufe zaurukan maziyarta guda biyu da ke ƙarƙashinsu. Ɗaya yana Greenbelt kusa da birnin Washington, ɗayan kuma yana Wallops, a bakin tekun Atlantika cikin jahar Virginia. Mutanen yankin Wallops da wakilansu a majalisa sun tashi tsaye suna neman a janye matakin.

Mai karatu zai iya cewa, to mu ina ruwanmu? Ga tsadar hatsi, ga matsalar tsaro, ga komawa lakwal ta ƙarato iyaye na lissafin kuɗin littafi da alƙalami, wa ke ta wani ɗaki da aka ce za a rufe a Amurka? Tambaya ce mai kyau. Amma ni malamin makaranta ne, na kuma taɓa shiga wannan ɗaki da ƙafata, kuma ina ganin labarin ya fi shafar mu fiye da yadda muke zato, tunda ƙasarmu ma ta sa hannu a takardar sayen taurarin ɗan adam.

Mene ne Wallops?

In aka ce harba roka a Amurka, kowa Florida yake tunawa, inda aka tashi zuwa duniyar wata. Wallops ba ta da wannan suna, amma ta girmi NASA kanta. An kafa ta a 1945, shekara 13 kafin a kafa NASA a 1958, a wani tsibiri mai fadama da ciyayi, domin gwajin rokoki. Daga lokacin zuwa yau an harba rokoki sama da 16,000 daga wurin. Mafi yawansu ƙanana ne, irin waɗanda ke hawa sama su yi awo na ƴan mintoci su faɗo cikin teku, ba sa kewaya duniya.

A nan ne aka gwada kumbon shirin Mercury kafin a yarda a sa mutum a ciki. A watan Disamban 1959 aka harba wani biri mai suna Sam, aka tsamo shi daga teku da ransa. A 1961 aka harba Explorer 9, tauraron ɗan adam na farko da ya shiga kewayen duniya daga Wallops. A watan Satumban 2013 wani kumbo mai suna LADEE ya tashi daga nan zuwa wata. A wannan shekarar ce kuma babbar roka mai suna Antares ta fara tashi, wadda ta riƙa kai abinci da kayan bincike ga mutanen da ke zaune a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa.

Shirin Mercury ɗin nan ma yana da alaƙa da ƙasar Hausa. Cikin tashoshin da aka kafa a faɗin duniya don bin sawun kumbon, akwai ɗaya a Kano. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, lokacin da John Glenn ya kewaya duniya sau 3, ya yi magana da tashar Kano, har ya shaida masu yana hango ƙura ta tashi a ƙasa. Duk wanda ya san watan Fabrairu a yankinmu ya san ƙurar da yake nufi. Yara nawa ne a Maradi ko Damagaram, kai ko a Kanon ma, suka taɓa jin wannan labari a aji?

Shi zauren maziyartan an buɗe shi a 1982, a bakin hanyar da ke zuwa garin Chincoteague. Ba wani katafaren gini ba ne. Ɗakin nune-nune ne, da ɗakin kallon fim, da ɗan shago, da wurin tsayawa a saman rufi, sai tsofaffin rokoki da aka jera a fili. A ciki akwai ɗan guntun dutsen da aka ɗauko daga wata, da wata babbar ƙwallo da ake haska hoton duniya a jikinta, kana ganin yadda gajimare da guguwa ke tafiya. Shiga kyauta ne. Wannan kalmar ta kyauta ita ce jigon maganar.

Abin da na gani

A ƙarshen 2022 na samu shiga wani shirin musayar malamai a Amurka, sai aka yi dace za a harba Antares a lokacin. Daga Washington tafiyar awa 3 ce da ɗoriya a mota. An tsara tashin ne da asubahin Lahadi 6 ga Nuwamba. Jama'a sun cika filin zauren tun cikin dare, da kujerun naɗewa da barguna da butocin shayi, wasu ɗauke da yara suna barci a kafaɗa. Ana dab da lokaci sai lasifika ta sanar an ɗage, saboda ƙararrawar gobara ta buga a ofishin da ke sarrafa kumbon, an fitar da ma'aikata. Ba wanda ya yi faɗa. Aka naɗe kujeru aka watse. Masu zuwa kallo a kai a kai sun saba: iska na iya hana tashi, gajimare na iya hanawa, har ƙaramin jirgin ruwa in ya shigo yankin da aka killace a teku yana iya tsayar da komai, kamar yadda ya faru a watan Oktoban 2014.

Washegari Litinin, ranar aiki da makaranta, mutane suka sake dawowa. Da ƙarfe 5:32 na asuba, gari bai waye ba, sai gefen kudu ya yi ja kamar an kunna wa daji wuta, wani haske ya ɗaga a hankali. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shiru. Kana ganin wuta tana hawa sama amma ba ka jin komai. Sai da aka yi kusan rabin minti sannan rugugin ya iso, ka ji shi a ƙirji kafin kunne.

Dalilin ba boyayye ba ne. Tsakanin zauren da dandalin harbawa akwai wajen kilomita 11. Haske yana isowa nan take, sauti kuwa yana cin mita 340 ne kawai a daƙiƙa. Raba 11,000 da 340, ka samu daƙiƙa 32. Wannan lissafi na sha rubuta irinsa a allo, yara su kwafa su haddace su zuba a jarrabawa su manta. A filin nan kuwa na ji wani yaro da bai wuce shekara 10 ba yana tambayar mahaifiyarsa me ya sa ƙarar ta makara. Shi ya nemi darasin da kansa. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, amma a wurin malami abin da ya fi muhimmanci shi ne gani yana haifar da tambaya.

Kumbon da ke kan rokar an sa masa sunan Sally Ride, mace ta farko ƴar Amurka da ta je sararin samaniya a 1983, yana ɗauke da kaya sama da kilo 3,700. A cikin kayan akwai wasu ƴan akwatuna biyu, kowane tsawonsa santimita 10, faɗinsa 10, tsayinsa 10. Ɗaya shi ne PearlAfricaSat-1, tauraron ɗan adam na farko na ƙasar Yuganda. Ɗayan ZimSat-1, na farko na Zimbabuwe. Matasan injiniyoyin ƙasashen biyu ne suka haɗa su a wata jami'ar fasaha da ke Kyushu a Japan. Wato ina tsaye a filin wani ƙaramin zaure a ƙauyen Amurka, ƙasashen Afirka biyu suka shiga sararin samaniya a gaban idona.

Me ya sa aka yi shirin rufewa?

Kuɗi ne. A watan Mayun 2025 fadar shugaban Amurka ta gabatar da kasafin da ke neman rage kuɗin NASA daga dalar Amurka biliyan 24.8 zuwa biliyan 18.8, wato kusan kashi 24 cikin 100. Ɓangaren binciken kimiyya an nemi a zaftare masa kusan rabi. Ofishin da ke kula da jawo ɗalibai zuwa kimiyya da lissafi, wanda ke samun dala miliyan 143 a shekara, an ba da shawarar a soke shi gaba ɗaya. Ma'aikata kusan 4,000 sun karɓi tayin ajiye aiki. Kwamitocin kasafi na majalisun dokokin ƙasar biyu sun ƙi amincewa da wannan babban ragi a watan Yuli, amma a lokacin ba a kammala dokar ba, su kuma shugabannin cibiyoyi suka fara tsuke bakin aljihu tun kafin a kammala ta.

A duba lissafin da kyau. Dala miliyan 143 cikin biliyan 24.8 bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Kuɗin riƙe ɗan zaure irin na Wallops kuwa, in aka ajiye shi kusa da kuɗin roka guda, ko a ido ba zai cika ba. Rufe shi ba zai cike giɓin komai ba. An fara da shi ne don shi ne mai sauƙin taɓawa. In ka soke kwangilar babban kamfani, lauyoyi za su taso maka. In ka rufe ƙofar da yaran makaranta ke shiga, asarar ba za ta bayyana ba sai bayan shekara 15 ko 20, lokacin da wanda ya sa hannu ya daɗe da barin kujera.

Abin lura kuma, ba wai harkar roka ce ta mutu a Wallops ba. Antares ta tsaya tun watan Agustan 2023, saboda gangar jikinta ta farko a Yukren ake ƙera ta, injinanta kuma daga Rasha ake sayo su, yaƙi ya yanke duka hanyoyin biyu, yanzu ana ƙera mata sabbi a cikin Amurka. Amma kamfanin Rocket Lab ya fara harba rokarsa Electron daga nan tun watan Janairun 2023, kuma a ƙarshen watan Agustan 2025 ya buɗe sabon dandali domin babbar rokarsa mai suna Neutron. Kenan rokoki za su ƙaru, wurin da talaka ke tsayawa ya kalla kyauta a yi masa bayani shi ne zai ragu.

Masu goyon bayan rufewar suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa aikin NASA bincike ne, ba karɓar ƴan yawon buɗe ido ba. Suna cewa yau kowa na iya kallon harba roka kai tsaye a salularsa, da hoto mai kyau fiye da wanda ido zai gani daga kilomita 11. Suna kuma nuna babban zauren Kennedy na Florida, wanda kamfani mai zaman kansa ke gudanarwa da kuɗin tikiti, ba ya cin kuɗin haraji.

Gaskiya ne zauren Kennedy yana riƙe kansa. Sai dai tikitin babba guda ya haura dalar Amurka 70, wajen jika 40 na sefa ke nan. Malamin da ke son kai aji guda daga yankin manoma da masunta irin na gaɓar Virginia, ina zai samo? Maganar salula kuwa, duk malamin da ya taɓa nuna wa yara bidiyo a aji ya san iyakarta. Yaro yana kallon roka a salula kamar yadda yake kallon fim ɗin Indiya, abu ne na wasu mutane a wata duniya. A bidiyo ma galibi sauti da hoto tare suke zuwa, don haka tambayar yaron nan ba za ta taso ba. Kuma a zaure akwai mutum mai rai da za ka tambaya ya ba ka amsa, wani lokaci tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya yake aikin sa kai.

Kuma Wallops ba kallo kaɗai take bayarwa ba. Tun 2008, kowane watan Yuni ɗaliban jami'a da malamansu kan taru a wani horo mai suna RockOn, su haɗa na'urar awo da hannunsu cikin ƴan kwanaki, a sa ta a roka ta hau sama da kilomita 110, ta sauko da lema cikin teku, jirgin ruwa ya ɗauko, a mayar masu su karanta sakamakon. A wannan rokar akan ba yara ƴan shekara 11 zuwa 18 daga ƙasashe daban-daban wuri, su sa gwajinsu cikin ƴan akwatunan da ba su wuce santimita 4 ba. Tsani ne: yaro ya fara da kallo, ya koma tambaya, ya kai ga taɓawa da hannu. In ka cire matakin farko, sauran ba su da amfani ga wanda ke ƙasa.

To, mu fa?

In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Su Amurkawa a 2025 sun yi gardama ne kan rufe zauren da suka yi shekara 43 suna amfani da shi. Mu namu ba a ma gina ba.

A farkon watan Nuwamban 2024, a Yamai, gwamnatinmu ta sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan sayen taurarin ɗan adam guda 3: na sadarwa, na ɗaukar hoton ƙasa, da na rada. An ce ƙera su zai ɗauki shekara 4. Ni ban ga laifin wannan buri ba. Ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267, mai iyakoki cikin hamada, tana buƙatar ido a sama. Ambaliyar 2024, wadda ta sa aka ɗage komawa makaranta har zuwa 28 ga Oktoba, ta isa ta nuna mana amfanin sanin inda ruwa zai bi kafin ya iso. Nahiyar ma gaba ɗaya ta nufi wannan hanya: Senegal ta harba Gaindesat-1A a watan Agustan 2024, an kuma ƙaddamar da hukumar sararin samaniya ta Afirka a Alƙahira a watan Afrilun 2025.

Tambayata ita ce, wa zai riƙe su? Babban tauraron sadarwa akan ƙera shi ya yi aikin wajen shekara 15. In aka harba namu nan da ƴan shekaru, waɗanda za su zauna gaban na'urorinsa a ƙarshen rayuwarsa, su kuma tsara wanda zai gaje shi, yau suna firamare, wasunsu a ajin zana suna zaune a ƙasa. Za a ce ai irin wannan yarjejeniya kan zo da horar da injiniyoyi. To, amma injiniya ba a tsakar rana ake tsintarsa ba. Sai an samu yara dubbai da suka so lissafi da kimiyya tun suna ƙanana, sannan a tace a samu ɗari, a sake tacewa a samu goma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasar da ta sayi tauraro ba ta shuka masu riƙe shi ba, ta sayi mota ce ta ci gaba da hayar direba daga wurin wanda ya sayar mata, kuma wannan ba shi ne ƴancin kan da muke faɗa ba.

A duba Gana. Kafin GhanaSat-1 ya tashi a 2017, ɗaliban jami'ar All Nations da ke Koforidua sun fara ne a 2013 da ɗan samfurin da bai wuce gwangwanin lemo ba, suka ɗaure shi a balan-balan suka sake shi sama. Wasu sun yi masu dariya. Bayan shekara 4 ƙasarsu ta shiga jerin masu tauraro, da hannun ɗalibai 3 na wannan jami'a.

Abin da za mu iya yi ba tare da roka ba

Ba mu da dandalin harba roka, kuma ba na cewa a gina. Amma muna da abubuwan da zaure ke buƙata.

Na farko, muna da cibiyoyi. AGRHYMET tana Yamai tun 1974, tana amfani da hotunan taurarin ɗan adam wajen bin damina da amfanin gona da makiyaya a ƙasashen Sahel. Cibiyar nazarin yanayi ta Afirka, ACMAD, ita ma a Yamai take. Ma'aikatar ilimi na iya zama da su a tsara jadawali na dindindin, aji-aji, yaro ya ga hoton hadarin da zai sauka garinsu gobe yana tafe daga gabas. Gidan tarihi na Boubou Hama, inda yara ke tururuwa ganin ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka tono a yankin Agadas, ɗaki guda na sararin samaniya ba zai gagare shi ba.

Na biyu, muna da sama. Wanda ya kwana a karkarar Tawa ko Difa cikin rani ya san irin taurarin da mutanen manyan biranen Turai ke biyan kuɗi su je nema. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke tafiya a nisan wajen kilomita 400 tana kewaya duniya cikin minti 90, tana ratsa samanmu, ana ganinta da ido bayan magariba ko kafin fitowar rana, kamar tauraro mai haske yana tafiya ba ya ƙyaftawa. Akwai manhajar salula ta kyauta da ke faɗin ranar da lokacin. Na gwada da ɗalibaina a filin ƙwallo. Da na ce masu akwai mutane a cikin hasken nan suna cin abinci suna barci, tambayoyin da suka biyo baya sun cinye mana darasin washegari kaf. Husufin watan da aka yi ranar 7 ga Satumban 2025 ma dama ce: an yi salla, yara sun buga gwangwani suna cewa rana ta kama wata kamar yadda aka saba, kuma babu abin da zai hana a ɗauki lemo da fitila a nuna masu yadda inuwar duniya ke rufe wata.

Na uku, malamai. A makarantar horon malamai an koya mana tsara darasi da riƙe aji, amma da yawanmu mun fito ba mu taɓa leƙa madubin hangen taurari ba. A sa guda ɗaya a kowace makarantar horon malamai ta kowace jaha, a koya wa ɗalibai malamai yin rokar ruwa da gorar roba da famfon keke. Kayan ba su kai kuɗin buhun shinkafa ba, amma dokar da ke ɗaga gorar nan ita ce ke ɗaga Antares: ka tura abu baya da ƙarfi, shi kuma ya tura ka gaba. Haka nan lissafin daƙiƙa 32, kowace damina muna da shi kyauta. Yaro ya ƙirga daƙiƙoƙi tsakanin walƙiya da tsawa, ya raba da 3, ya san nisan hadarin a kilomita.

Na huɗu, harshe. Tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris ɗin 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, sai a zauna a daidaita kalmomin wannan fanni, a yi ƙananan littattafai da shirye-shiryen rediyo, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu. Yaron da ya fahimci abu da harshen da yake mafarki da shi, ba ya mantawa.

Shawarata ga magabata ɗaya ce, kuma a rubuce ya kamata ta kasance: duk kwangilar tauraron ɗan adam da ƙasa za ta sa wa hannu, a ware wani ɗan kaso a cikinta, ko da 1 ne cikin 100, domin zauren yara da horon malamai, a kuma ɗaure shi da doka yadda ba za a taɓa shi ba ranar da aljihu ya yi zafi. Abin da ya faru a Wallops a 2025 ya nuna cewa ko a ƙasar da ta taka wata, wannan kason shi ake fara yankewa in ba a kare shi ba. Mu da muke shirin farawa, gara mu sa shi cikin tubalin gini tun yanzu, kafin taurarin su iso.